Shin sai na ƙware kafin in shiga cikin masu kiɗa tare?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, shekarata 52. Shekara biyu ke nan da na fara koyon gogen Turawa, wato bayolin, a wata makarantar kiɗa ta unguwa, sau ɗaya a mako nake zuwa wurin malamata. Yanzu ta ce in yi rajista a ajin manya masu kiɗa tare, ni kuwa tsoro nake ji, domin har yau ina yawan kuskure, kuma ina ganin zan ɓata wa sauran kiɗansu. Ga shi an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shin in dakata sai na ƙware, ko in shiga haka nan? Idan kuma zan shiga, wace irin ƙungiya ce ta dace da ni?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko lokacin shigarki cikin masu kiɗa tare ya yi, da kuma irin ƙungiyar da za ta karɓi mai shekara biyu da fara koyo ba tare da ta zame wa kowa kaya ba. Na daɗe ina koyar da goge a irin makarantar da kike zuwa, kuma yawancin aikina na yamma da manya nake yin sa, waɗanda suka taso daga ofis ko asibiti da waɗanda suka yi ritaya, don haka tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina. Shawarata ita ce ki shiga a zangon karatu mai zuwa, muddin kin cika wani sharaɗi da zan kawo nan gaba, wanda bai shafi yawan kuskurenki ba. Dalilina shi ne, kaso mai yawa na ƙwarewar da kike jira ba ya samuwa a ɗaki ke kaɗai, ko da za ki shekara goma kina bita.

Gidan da kika shiga

Yana da kyau ki san asalin irin wannan makaranta, domin sanin zai rage miki jin cewa kin yi shisshigi. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da baƙi daga Turai suka cika unguwannin talakawa a manyan biranen Amurka, wasu masu kishin marasa galihu suka riƙa buɗe gidaje a cikin unguwannin, suna zaune tare da mutanen suna koyar da su karatu da sana'a. Mafi shahara a cikinsu shi ne Hull House na Jane Addams da aka buɗe a Shikago a 1889, wanda ya kafa sashen koyar da kiɗa a 1893. A 1894 aka fara makarantar Third Street a Niyok, a 1908 aka buɗe Settlement Music School a Filadelfiya, sannan Community Music Center na San Francisco ya biyo baya a 1921, kuma waɗannan ukun suna aiki har yau. Tun farko manufarsu ta bambanta da ta manyan makarantun da ke horar da ƙwararru, domin ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma ana rangwanta kuɗi ga wanda ba shi da hali.

Da yara aka fi farawa, amma manya ba su daɗe a waje ba. A Landan, kwalejin Morley da aka kafa domin ma'aikata masu karatun dare ta samu shahararren mai tsara kiɗa Gustav Holst yana jagorantar sashen kiɗanta daga 1907 zuwa 1924, ɗalibansa kuwa mutane ne da suka wuni a wurin aiki. A farkon shekarun 1980 wasu iyaye a gabashin Landan, da suka ga 'ya'yansu suna koyon goge a makaranta, suka kafa ƙungiyar kansu ta waɗanda suka makara wajen farawa, wato East London Late Starters Orchestra. A 1991 kuma Roy Ernst, malami a makarantar kiɗa ta Eastman da ke Rochester, ya kafa ƙungiyar badujala ta farko a tsarin da ake kira New Horizons, domin mutanen da suka haura shekara 50, har da waɗanda ba su taɓa riƙe kayan kiɗa ba. Tsarin ya bazu zuwa garuruwa da yawa a Amurka da Kanada, kuma yanzu akwai ƙungiyoyin masu goge a ƙarƙashinsa. Kin ga ke nan kujerar da malamarki take nuna miki an daɗe da tanadar wa irinki.

Daga ina tsoron yake tasowa

A iya abin da na gani, tsoron babba yana da tushe na gaskiya, shi ya sa ba na raina shi. Kunnen babba ya riga hannunsa girma. Kin shekara 50 kina jin kiɗa mai kyau, saboda haka kina gane kowane sautin da ya karkace, alhali yaro ɗan shekara bakwai yana goga abinsa cikin jin daɗi bai san ya karkace ba. Sannan babba ya saba da iya aikinsa, ana zuwa wurinsa neman shawara, komawa matsayin ɗan koyo a gaban jama'a kuwa yana da nauyi. Ke kuma kina da ƙarin dalili: a aikin jinya kuskure yana iya zama rai, kuma an horar da ke ki tsaya, ki duba, ki sake dubawa kafin ki ba da magani. Wannan tarbiyya ce mai kyau a asibiti, amma a cikin masu kiɗa tare ita ce abu na farko da za ki koyi ajiyewa a bakin ƙofa, domin kiɗa ba ya jiran mai dubawa.

Akwai kuma abin da muka taso da shi. A ƙasar Hausa goge da kalangu da algaita galibi sana'ar gado ce, ɗa ya tashi a gidan makaɗa yana bin ubansa, shi ya sa hankalinmu yake ɗaukar cewa wanda bai gada ba, ko bai ƙware ba, ba shi da hurumin taɓawa a gaban mutane. Amma ki tuna kiɗan ƙwarya da shantu a gidan biki. Ba a yi wa yarinya jarrabawa kafin ta zauna cikin mata, tana shiga ne tana bin hannun na kusa da ita har nata ya faɗa. Ajin manya na makarantarku ya fi kusa da wannan zama fiye da fagen ƙwararrun makaɗa. Game da icce da ɗanyensa kuwa, gaskiya ne yatsun yaro sun fi saurin sabawa, amma a wajen ƙidaya, fahimtar tsarin kiɗa, haƙuri da zuwa kan lokaci, manyan ɗalibaina sun fi yaran nesa ba kusa ba.

Abin da ba a koyo sai cikin jama'a

Mai bita shi kaɗai yana da wata ɗabi'a da bai san yana da ita ba. Idan ya zo wuri mai wuya sai ya rage gudu, idan ya zo mai sauƙi sai ya ƙara, idan ya yi kuskure sai ya tsaya ya koma baya, idan kuma takarda ta ce ya yi shiru na bugu takwas sai ya tsallake, domin babu wanda zai cike masa shirun. Duk waɗannan ba sa fitowa fili sai ran da ya zauna kusa da wani. Takardar kiɗa an yanka ta gida-gida, kowane gida da adadin bugunsa, kuma abin da ke haɗa mutum huɗu ko arba'in su zama abu ɗaya shi ne kowa ya san a wane gida ake, a wane bugu. Wanda ya goga sauti mara daidai a lokacin da ya dace, ɓarnarsa ƙarama ce, kafin a ƙifta ido ta wuce. Wanda ya goga sauti daidai amma ya makara da bugu ɗaya, to duk abin da zai biyo baya ya karkace, kuma yana iya jan na kusa da shi su ɓace tare.

Na taɓa horar da wasu mutum huɗu, biyu masu ƙaramin goge, ɗaya mai matsakaici, ɗaya mai babban da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Mai goge na biyu dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin lissafin kuɗi, hannunsa ya fi na sauran tsabta, amma duk lokacin da ya kuskure sai ya ɗaga izgarsa daga tsirkiya ya ce a yi haƙuri, sai kowa ya tsaya. Mako uku ba mu taɓa kai ƙarshen shafi ba. A mako na huɗu na ce masa daga yau an hana ba da haƙuri, idan ya ɓace ya sauke gogen, ya ɗora yatsa a kan takarda, ya ci gaba da ƙidaya a zuci yana sauraron mai babban goge, sannan ya faɗo a farkon gidan da ya gane. Da muka fara, ya ɓace a tsakiyar shafi kamar yadda ya saba. Ina kallon leɓensa yana motsi, ƙafarsa tana taɓa ƙasa a hankali, gida ɗaya, gida biyu, har shida, sai ya ɗaga gogen ya shigo daidai inda ya kamata. Da aka kai ƙarshe matar da ke kusa da shi ta ce ita ba ta ma lura ya fita ba. Wannan dawowa bayan ɓata ita ce babbar fasahar mai kiɗa cikin jama'a, kuma babu yadda za a yi mutum ya koye ta shi kaɗai, tunda a ɗakinsa babu kiɗan da zai ci gaba da tafiya ya bar shi.

Haka batun daidaita sauti. Bayolin ba shi da alamomi a wuyansa irin na gita, yatsa ne ke neman wurin, kunne kuma ya yi hukunci. Idan kina ke kaɗai, kunnen ba shi da abin gwadawa sai tunaninsa. Idan kuwa akwai wani yana riƙe da sauti a ƙasan naki, za ki ji a jikinki lokacin da biyun suka haɗu suka kwanta, da lokacin da suke karo, yatsan kuma zai fara gyara kansa tun kafin ki yi tunani. Na sha ganin ɗalibin da ya shekara yana fama da wannan a darasi, ya gyaru cikin wata uku da shiga ƙungiya.

Sharaɗin

Ga yadda nake gwada ɗalibi kafin in tura shi. Ina zaɓar kiɗa mai sauƙi ƙwarai, wanda ya gaza matakinsa, in kunna na'urar ƙidayar bugu a hankali, in ce ya tafi daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, ko me ya faru. Idan ya kai ƙarshe tare da na'urar, ko da ya zubar da sautuka biyar a hanya, ya isa shiga. Ina kuma duba ko zai iya saita tsirkiyoyinsa huɗu da kansa, ko da taimakon na'urar waya, da kuma ko yana gane alamomin shiru a takarda yana ƙidaya su. Idan kika gwada wannan kika ga har yanzu kina tsayawa, kada ki ɗaga shigar zuwa shekara mai zuwa. Ki roƙi malamarki ta ware minti goma na ƙarshen kowane darasi ku riƙa kiɗa ku biyu, ke da layinki ita da nata, bisa yarjejeniyar cewa ba za ta tsaya miki ba. Wata biyu na wannan yakan wadatar.

Wace ƙungiya

Nan ne mutane suka fi yin kuskuren zaɓi, domin suna ɗauka ƙaramar ƙungiya ta fi sauƙi saboda idanun da ke kallonsu kaɗan ne. Akasin haka ne. A ƙungiyar mutum uku ko huɗu, kowa shi kaɗai ke riƙe da layinsa, idan ya faɗi an samu rami, kuma babu jagora a tsaye yana nuna bugu da hannu. A babbar ƙungiyar masu goge kuwa, mutum shida ko goma ne ke bin layi ɗaya, biyu-biyu a kan takarda guda, ga jagora a gaba. Idan kika ɓace, na kusa da ke yana ci gaba, ki saci kallon izgarsa ki gane inda ake. Saboda haka ina ba ki shawara ki fara da babbar ƙungiyar manya 'yan koyo, ki zauna cikin masu goge na biyu, a tsakiya idan zai yiwu. Mutane sukan ruga kujerar can baya don su ɓuya, alhali ita ce mafi wahala, domin daga can ba a jin sauran sosai, ba a kuma ganin hannun jagora da kyau.

Bayan shekara guda a nan, sai ki nemi ƙaramar ƙungiya mai mai horarwa. A ganina a nan daɗin yake, inda mutum huɗu ke zaune suna fuskantar juna, numfashin ɗaya ya zama alamar farawa ga sauran. Yawancin makarantu su ke haɗa mutane bisa matakinsu, bayan ɗan gwajin da manufarsa sanin inda za a ajiye ki ce kawai. Ki gaya musu gaskiyar matakinki, kada ki ƙara kada ki rage. Ƙungiyar ACMP, wadda aka kafa a Amurka a 1947 don haɗa masu kiɗan sha'awa da juna, tun farko a kan wannan ta dogara: kowa ya auna kansa ya rubuta matakinsa a kundin sunaye, domin matafiyi ya samu abokan kiɗa daidai da shi a garin da ya sauka. Tsarin ya ɗore ne saboda abin da ya fi wargaza ƙaramar ƙungiya shi ne tazara mai yawa tsakanin 'yan cikinta, inda ɗaya ke gajiya da jira, ɗaya kuma ke jin kunya.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, wato azuzuwan kiɗan gargajiyar Amurka ko Ayalan, inda ake koyo da kunne ba tare da takarda ba. Makarantar Old Town School of Folk Music da aka buɗe a Shikago a 1957 ta yi suna da wannan, har tana da al'adar tara ɗaliban azuzuwa daban-daban bayan darasi su yi kiɗa tare, gwani da ɗan koyo. Idan karatun takarda ne ya fi takura miki, irin wannan aji zai sake miki jiki, kuma ba ya hana ki ci gaba da darasinki.

Kafin ki biya kuɗi, ki nemi izinin zama ki kalli bita ɗaya, gani ya kori ji. Abin da za ki sa wa ido shi ne yadda jagora ke yi idan an yi kuskure. Nagari yakan ce masu goge na biyu a sake daga gida kaza, a hankali, ya ba da dalili. Wanda ke ware mutum ɗaya ya sa shi ya goga shi kaɗai a gaban kowa ba tare da ya nema ba, bai san aikin manya ba, kuma na ga mutanen da irin wannan ya kora daga kiɗa gaba ɗaya. Ki tambayi dokarsu game da fashi, tunda aikinki na karɓa-karɓa ne. Babbar ƙungiya tana iya jure rashinki sau biyu ko uku a zango, ƙaramar kuwa idan mutum ɗaya bai zo ba an tashi. Ki tambayi wurin da ake bita da wurin wasan ƙarshen zango, da irin kiɗan da za a yi, domin wasu ƙungiyoyin a zauren coci suke haya, wasan watan Disamba kuma yakan ƙunshi waƙoƙin Kirsimeti. Gara ki sani tun farko ki yanke wa kanki hukunci, kamar yadda ya kamata ki duba ko lokacin bitar zai ci karo da magariba ko buɗa-baki. Idan kuɗin ya yi miki yawa, ki tambayi ofis game da rangwame, da yawa daga cikin makarantun nan suna ba manya ma.

Daren farko da abin da zai biyo baya

Ki je da minti goma sha biyar kafin lokaci, ki shafa wa izga ƙaro, ki saita tsirkiya tun ɗakin bai cika da ƙara ba. Ki riƙe fensir, kada ki yi rubutu da biro a takardar ƙungiya. Idan an ba ki takardun tun kafin ranar, ki rubuta lambar gida a farkon kowane layi, ki nemi kiɗan a intanet ki saurare shi sau da yawa kina bin layinki da yatsa, ba tare da goge a hannu ba. Wuraren da suka fi ƙarfinki, ki zagaye su ki kai wa malamarki, kuma babu laifi ki goga sautin farko na kowane gida kawai ki bar sauran har hannu ya kai, ƙwararru ma suna da irin wannan dabara. Wani abu da masu shekarunmu ke mantawa shi ne tabarau: takardar tana nesa da ido fiye da littafi, musamman idan ku biyu ne a kanta, saboda haka gilashin karatu na yau da kullum yakan gaza, kuma mai gwajin ido zai iya yanka miki na wannan tazara idan kika gaya masa.

Kada ki goga a ɓoye. Mai tsoro yakan taƙaita izgarsa ya riƙa shafa tsirkiya sama-sama don kada a ji shi, sai sautin ya fito a shaƙe, shi kansa bai ji abin da yake yi ba balle ya gyara. Ki ja izga sosai kamar yadda aka koya miki. Makonni uku ko huɗu na farko za ki ɓace fiye da yadda za ki bi, ki sa ran haka, kada ki yanke hukuncin ci gaba ko bari sai zangon ya ƙare.

Akwai inda maganata ta tsaya. Ban ji hannunki ba, malamarki kuwa ta shekara biyu tana ji, don haka cewar da ta yi ki shiga ta fi tawa nauyi, kuma malamai ba sa tura ɗalibi inda zai ba su kunya. Ba zan yi miki alkawarin cewa wanda ya fara a shekara 50 zai kai gudun yatsun wanda ya fara a shekara biyar ba, akwai kiɗan da zai daɗe yana fin ƙarfinki, sai dai abin da aka rubuta ko aka sauƙaƙa domin masu matsakaicin hannu yana da yawan da ba za ki ƙarar ba. Ba kowace ƙungiya ce ke yin daɗi ba, wani lokaci halaye ne ba sa haɗuwa, idan haka ta faru ki gama zangon ki nemi a canza miki. Zaman awa ɗaya da rabi ko biyu da goge a wuya ya fi darasin minti arba'in gajiyarwa, ki riƙa sauke hannu duk lokacin da jagora ke magana da wani ɓangare, idan kuma ciwon kafaɗa ko wuya ko sanyin yatsu ya wuce kwana biyu, wannan fagenku ne na ma'aikatan lafiya, ki sa a duba.

Yawancin makarantun nan suna buɗe zango a watan Satumba da kuma Janairu ko Fabrairu, kuma azuzuwan manya 'yan koyo sukan cika da wuri. A darasinki na wannan mako ki gaya wa malamarki ku yi gwajin nan na tafiya ba tsayawa, sannan ki wuce ofis ki tambayi ranar da za ki je kallon bita. Allah ya ba da sa'a, Hajiya.